Fuskar Yallaɓai

Shagona da na Mai Hoda katanga ɗaya ce ta raba su, katangar ma ta katako, in na yi atishawa daga can take amsa min. Ni kitso nake yi, ita kwalliya. Amarya kan fara ta wurina in gyara mata kai, in tura ta wurin Mai Hoda ta gyara mata fuska, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi da ita a gidan miji, wannan ba ruwanmu. Shekara da shekaru muna haka. Saboda haka in na ce zan ba da labarinta, ba ji-ta-ji-ta zan kawo muku ba. Na gaji ne da jin matan layinmu suna bayar da shi a karkace, kowace tana ƙara nata gishirin, har da waɗanda ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su da ita ba.

Marainiya ce, a hannun gwaggonta ta tashi, wadda ke da tebur na kayan shafe-shafe a bakin kasuwa. Tana gama firamare gwaggon ta ce karatu ya isa haka, a zo a tsare tebur. Ta sha gaya min cewa duk safiya in 'yan ajinsu suka wuce da kayan makaranta, sai ta duƙa ƙarƙashin tebur kamar tana neman wani abu, har sai sun yi nisa. Wannan abin bai taɓa barin ranta ba. Tana da aure, tana da shago, amma in ta ga yara sun taso daga makaranta sai ta saki aiki ta bi su da ido.

A ƙarƙashin teburin nan ta koyi sana'arta. Hodar da ta fashe, wadda ba mai saye, ita take tarawa ta niƙe ta gauraya, ta gwada a fuskar 'ya'yan maƙwabta. Ita kanta baƙa ce wuluk, kuma a lokacin hodar da ake kawowa duk ta farare ce, in baƙar mace ta shafa sai ka ce ta faɗa buhun gari. To ita sai ta dinga haɗa kala da kala har ta samo wadda ta dace da fatar mutum. Har yau haka take aiki. In kin zauna a kujerarta ba fuskarki take fara kallo ba, haɓarki take ɗagawa ta dubi wuyanki. Sai ta ɗiga hodar ruwa kala uku a bayan hannunta na hagu, ta cuɗa da yatsa, ta ja ki bakin ƙofa ta gwada a hasken rana, don ta ce fitilar shago maƙaryaciya ce. In kika ce ta ƙara miki haske sai ta ajiye soso ta ce, "Hajiya, mai fenti yana can gaban gareji." Ta yi asarar masu zuwa da yawa a kan wannan taurin kan, ko a jikinta. Abin da take taƙama da shi guda ɗaya ne, in ta gama da ke ba mai cewa an shafa miki wani abu, sai dai a ce kin yi kyau yau.

Mijinta direban babbar mota ne. In ya tafi sai ya yi makonni, in ya dawo kwana biyu ne, rabinsu barci rabinsu gareji. Mutumin kirki ne, magana ce dai ba ta dame shi ba. Sun daɗe ba su samu haihuwa ba, ciki ya shiga ya zube, ya shiga ya zube, sannan Allah ya ba su namiji guda, daga shi kuma shiru. Ni na sa masa Yallaɓai, don tun yana tatata in ya shigo shagona hannu yake goyawa a baya yana duba kwalaben man kitso ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka turo bincike. Sunan ya bi shi, har uban ma da shi yake kiransa. Yaro ne mai surutu, mai ƙiriniya, ƙwallo kuwa ko da gwangwani ne sai ya buga.

Bai gama firamare ba tabon ya fito. Ɗan fari ne a gefen idonsa na hagu, bai fi farce ba. Muka ce ƙyasfi ne, aka shafa abin da ake shafawa, bai tafi ba. Sai wani ya fito a gefen baki. Likita ya duba ya ce ba ciwo ba ne mai zafi, ba a ɗauka, launin fatar ne kawai yake janyewa, yana iya tsayawa nan, yana iya ci gaba. Uban ya ji wannan, amma daga ranar duk garin da motarsa ta tsaya sai ya tambayi magani. Ba ya dawowa hannu sake, yau kwalba, gobe man shafawa, jibi saiwa a ƙulle cikin leda. A kan tagar ɗakinsu kwalabe suka yi layi.

Likita ya ce ba a ɗauka, amma je ki gaya wa mutanen layinmu. Uwaye suka fara janye 'ya'yansu. Wata ta zo kitso wurina, Yallaɓai ya kawo mata ruwa a kofi da ladabinsa, ta karɓa ta ajiye a ƙasa da yatsa biyu, ya juya baya ta ce min, "Ba kuturta ba ce kuwa?" Na tsefe rabin kitson da na yi mata na ce ta je ta ƙarasa a wani wuri. A makaranta kuwa yara suka sa masa Dabbare-dabbare, har waƙa suka yi masa da tafi. Ba wanda ke yarda ya zauna benci ɗaya da shi.

Wata rana da hantsi Mai Hoda ta zagaya bayan shaguna zubar da ruwa, sai ga Yallaɓai a tsugune tsakanin katanga da tankin ruwa, da jakarsa a goye. Ashe ya kwana biyu yana haka, ya fita da safe kamar ya tafi makaranta, ya zo nan ya ɓuya har a tashi. Ba ta dake shi ba, ko faɗa ba ta yi ba. Ta riƙo hannunsa ta shigo da shi. Ni na san abin da ta gani, kanta ta gani a ƙarƙashin teburin gwaggonta. Ta ɗora shi a kujerar amare, ta ɗaga haɓarsa ta dubi wuyansa, ta ɗiga kala uku a bayan hannu. Ina tsaye a bakin ƙofa da mataji a hannuna. Kafin in je in dawo tabon ya ɓace, ɓat, kamar ba a taɓa yinsa ba. Yaron ya dubi madubi, ya matso, ya ja da baya, sai ya fashe da dariya. Ya daɗe bai yi dariya ba. Ya ce, "Mama, na warke." Ta ce, "Ka warke, Babana. Gobe sai makaranta."

Da zai shiga sakandare ta nemo masa wata can ƙarshen gari inda ba wanda ya san shi, mota biyu yake hawa kafin ya isa. Kullum da safe in ya yi wanka sai ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno a gaban taga, ta yi masa aikin, sannan ya sa farar rigarsa a hankali kada wuyan ya goga. Ta kafa masa dokoki. Ban da gudu, ban da ƙwallo, don gumi yana tona aiki. Ban da murza fuska. In hadari ya haɗo ya nemi rumfa, ga lema nan kullum a jaka, rani da damina. Yaro ya bi, ya kuma yi karatu, sakamakonsa har manna shi take yi a jikin madubin shago. Malamai suna yabonsa, wai ba su taɓa ganin yaro mai natsuwa irinsa ba, ba ya cikin masu guje-guje.

Tun a farkon fara shafawar nan ne uban ya dawo daga wata doguwar tafiya, ya iske yaron ya taso daga makaranta fuska sumul. Ita ta ba ni labarin washegari, tana yi tana murza yatsunta. Ta ce a bakin ƙofa ya tsaya, jakarsa ma bai ajiye ba, ya kama kafaɗun yaron ya juya shi wajen haske, sai ga hawaye a idon mutumin da ko ranar da aka binne mahaifiyarsa ba ta ga ya yi kuka ba. Ya ce, "Wane maganin ne ya yi?" Ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya, bakin ya ƙi. Sai ta ɗaga yatsa ta nuna kwalbar ƙarshe da ya kawo. Yaron yana tsaye yana kallonta.

Na ce mata, "Ƙawata, wannan ramin da kike haƙawa da zurfi. Faɗa masa tun yau." Ta ce, "Ba ki ga fuskarsa ba ne. Bari ya je ya dawo." Ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Ya yi sadaka, ya gaya wa abokan aikinsa a tasha ɗansa ya warke, ya kwashe kwalaben kan taga ya zubar. In yana gida sai ta riga shi tashi, ta shiga ɗakin yaron ta gama aikin kafin ya fito.

Tabon kuwa bai san an ce ya warke ba. Ya ci gefen ido ya hau fatar ido, ya zagaye baki, ya gangara haɓa. Gashin girarsa ta hagu ya yi fari fat, dole ta ɗauko jagira. Gefen leɓensa ya koɗe, dole ta nemo jan baki mai duhu ta haɗa da kalar leɓen nasa. Abin da ya fara da ɗigo ɗaya ya zama kwalliyar fuska guda, ta amarya ma ba ta fi ta cin lokaci ba. Yallaɓai ya yi tsawo, murya ta buɗe, gashin baki ya fara tsiro a ƙarƙashin hodar. Surutun nan duk ya tafi. In ya zo gaishe ni a bakin ƙofa yake tsayawa, kai a miƙe, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. In na tsokane shi sai ya yi ɗan murmushi kaɗan, don dariya sosai tana sa hoda ta tsage a gefen baki. Na ga wannan, raina bai so ba, amma ɗan wani ne, kuma karatu yana tafiya.

Sai wani yayi ya shigo makarantarsu. Wasu samari suka fara ɗaukar hodar yayyensu da jan baki suna shafawa, suna ɗaukar kansu a waya suna watsawa, har wasu suka fara shiga aji da shi. Gari ya ɗauka. A shagona ma ba a hira sai wannan. Mace tana zaune ina ja mata gashi tana zage-zage, wai duk laifin uwaye ne, wace irin uwa ce ɗanta namiji zai fita da jan baki ba ta gani ba, wai irin waɗannan matan ko kaza bai kamata a ba su kiwo ba. Katangar katako ce, na gaya muku. Duk abin da ake faɗa Mai Hoda tana ji, ina jin lokacin da motsinta yake tsayawa.

Makaranta ta tara iyaye aka yanke cewa duk namijin da aka kama da kwalliya za a kore shi. Da yamma na shiga wurinta na rufo ƙofa. Na ce, "Gobe ki shirya mu je wurin shugaban makarantar nan ki yi masa bayani. Lalura ce, ba iskanci ba, kowa zai gane." Ta girgiza kai. Ta ce, "In na gaya wa mutum ɗaya na gaya wa makaranta duka. Malami zai gaya wa matarsa, matar ta gaya wa ɗanta. Sai a koma gidan jiya." Na ce to in aka kama shi fa? Sai ta dube ni, har da ɗan murmushinta, ta ce, "Uban da ya haife shi bai gane ba. Wane malami ne zai gane aikina?" Gaskiya ta faɗa, da ido ba mai ganewa. Ita duk tunaninta da ido za a duba, don ita da ido take duba aiki. Ba ta kawo wa ranta cewa wanda bai san kwalliya ba hannu zai sa.

Abin da ya faru a filin makarantar daga bakin Yallaɓai na ji shi daga baya. An jera su a taron safe, maza a gefe guda. Malamin horo ya fito da farin hankici, yana bin layi, kowane yaro ya goga masa a kunci ya duba. Ya kama biyu, aka fitar da su gaba. Da ya iso kan Yallaɓai har ya wuce, don ya san shi, yaron kirki ne. Sai ya dawo, kada a ce ya yi son kai, ya ɗan goga masa sama-sama. Hankici ya fito da ƙasa-ƙasa. Malamin ya dubi hankici ya dubi yaro, ransa ya ɓaci fiye da na sauran, ya ce, "Har da kai?" Ya ja shi gaban taro, ya sa aka kawo bokitin ruwa, ya ce yau kowa zai ga fuskar da Allah ya ba shi. Ya jiƙa hankici ya murza. Sai fari ya bayyana. Malamin ya ɗauka wani farin abu ne aka shafa a ƙarƙashi, sai ya ƙara ƙarfi, yana murzawa yana cewa, "Wannan kuma mene ne?" Yallaɓai ya ce min bai yi motsi ba, bai yi magana ba, ido kawai ya rufe kamar yadda ya saba in ana taɓa fuskarsa. Can daga baya wani ya kece da dariya, wasu suka bi. A nan hannun malamin ya tsaya.

Lambar uban ce a wurin makaranta, shi suka kira, kuma aka yi rashin sa'a yana gari, yana gareji. Shi ya kira ta ya ce ta same shi a can, bai san ma me ya faru ba. Ta leƙo shagona, fuskarta kawai na gani na ajiye mataji na ɗauki mayafi. A mota bayan hannunta na hagu kawai take gogawa a zani.

Mun tarar da ofishin shugaban a cike. Ga yaran nan biyu da iyayensu, uban ɗaya ya riga ya kwaɗa wa nasa mari, uwar ɗayan tana kuka tana rantsuwa ba ta sani ba. Yallaɓai yana zaune a ƙarshen benci, rabin fuska a wanke, rabi da hoda, wuyan rigarsa ya yi kaca-kaca, kuncinsa ya yi ja saboda murza. Ubansa yana tsaye a gabansa da baƙin mai a hannu, yana kallonsa. Da muka shigo bai juyo ba. Ya ce, "Tun yaushe?" Ta ce, "Tun farko." Ya ce, "Bai taɓa warkewa ba?" Ta ce, "Bai taɓa ba."

Shugaban ya sallami sauran, ya ce su jira a waje. Malamin horo yana jingine da bango, hankicin yana hannunsa ya rasa inda zai sa shi. Ba mugun mutum ba ne, na ga idonsa, amma a ranar da na samu dama da na shaƙe shi. Ya ce, "Hajiya, da kin zo kin gaya mana. Wallahi da na sani ko kusa da shi ba zan je ba." Shugaban ya ba da haƙuri, ya ce wannan lalura ce, dokar ba ta hau kansa ba, a kawo shaidar likita yaro ya ci gaba da shafa abinsa, ba mai sake taɓa shi. Mai Hoda ta durƙusa har ƙasa tana godiya. Ita abin da ta ji ke nan, ba a kore shi ba.

A bakin ƙofar makaranta uban ya tsaya. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, "Garuruwa nawa na wuce ban tsaya na tambaya ba. An gaya min wani babban asibiti da ke duba irin wannan, na ce a'a, nawa ya warke. Ina ta yi wa mutane kwatancen kwalba." Ya dubi hannuwansa ya ce, "Ni ma da laifina. Wanda yake kwana a gidansa ba a yi masa haka." Ya kama hanyar gareji a ƙasa, ko mota bai tsaya nema ba.

Ta samo shaidar likita a ranar. Da yamma ta roƙe ni in biyo da safe in taya ta lallashin yaron, don tun da suka koma gida bai ce mata komai ba, kuma yana jin maganata. Na je. Ɗakin a share, taga a buɗe, ta jera kayanta a kan tire, kujera 'yar tsugunno tana wurinta. Har ta ɗiga kalolin a bayan hannu. Yallaɓai ya fito daga wanka ya sa rigarsa, ya ɓalle maɓallai har wuya, ya gaishe ni, ya ɗauki jaka. A ranar na fara ganin fuskar duka a wanke, farin ya kusa cin rabi. Ba zan yi ƙarya ba, sai da gabana ya faɗi, amma fuskar Yallaɓai ce dai, ga idon nan nasa.

Ta ce, "Babana, zo zauna, za ka makara. An ba mu izini."

Ya ce, "Mama, sun riga sun gani."

Ta ce, "Za su manta. In suka ga ka dawo yadda suka saba, kwana biyu za su manta."

Ya tsaya da jakar a kafaɗa. Ya ce, "Ni ba don su nake zama a kujerar nan ba. Da farko don su ne. Daga baya don ke ne."

Ta ce, "Don ni kamar yaya?"

Ya ce, "In na fito daga wanka ba kya kallona sai kin ɗauko soso. In na gaishe ki tiren kike kallo. Ko ranar da ba makaranta sai kin shafa min, wai ko wani zai shigo." Ya gyara jakar a kafaɗarsa. "Malam sau ɗaya ya kunyata ni, Mama. A ɗakin nan kullum ne."

Na ce, "Kai Yallaɓai, uwarka ce fa." Ya ce, "Na sani, Anti. Ku yi haƙuri." Ya sa takalmi ya fita. Ta bi shi da ido, hannun hagu a ɗage kada kalar ta zuba. Ta juyo ta ce min, "Ina kallonsa mana. Wa ya kai ni sanin fuskar nan? Ko ido a rufe zan zana miki inda kowane tabo ya tsaya." Na ce na sani. Na ɗauko tsumma na goge mata hannun, ta bar ni na goge kamar ƙaramar yarinya, sannan ta zauna a kan 'yar kujerar ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba.

Haka ya ƙarasa zangon, fuska a buɗe. An yi masa dariya, an sa masa suna, wasu sun guje shi, wasu kaɗan sun zauna da shi. Ya koma buga ƙwallo, yana dawowa jiƙe da gumi. Matan layinmu kuwa suka samu abin taunawa, wai mai kwalliya ta mai da ɗanta mace, wai da ma sana'ar ba ta albarka ba ce. Waɗanda suka janye 'ya'yansu daga jikinsa tun yana ƙarami, su ne a gaba wajen cewa me ya sa ta ɓoye. Allah ya isa tsakanina da bakin mutane.

Da aka yi hutu uban ya ce zai kai shi wurin ƙaninsa, a garin da babban asibitin nan yake, ya yi karatu a can ana duba shi. Ya tambayi yaron a gabanta, yaron ya ce yana so. Ba ta yi musu ba, ita ta wanke masa kaya ta goge ta shirya jaka. Aurensu yana nan, mutumin yana dawowa ya kwana biyu ya tafi, yana sauke duk abin da ke kansa, sai dai hirar da da ma ba ta da yawa ta ƙara ƙanƙancewa. Ita kuma tana shagonta, amare suna zuwa, hannunta bai canja ba. Yaron yana karatu, an ce yana cikin na gaba a ajinsu. Abin da ta roƙi Allah ke nan tun tana ƙarƙashin tebur, ya kuma ba ta.

Yana kiranta duk mako, ba ya fashi. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi shago, ya tambayi jikinta, ta sa masa albarka. Amma murya kawai yake kira. Ta taɓa cewa ya kunna hoto ta gan shi, ya ce layin ba kyau, ba ta sake tambaya ba. Ni yake kira da bidiyo, yana dariya baki har kunne, yana nuna min ɗakinsu da abokansa, yana tsokanata wai na tsufa. In wayata ta yi ƙara ta ji muryarsa ta katangar nan, sai in ji ta ajiye abin da ke hannunta. Ta shigo a hankali ba takalmi, ta raɓe ta gefena inda wayar ba ta kama ta, ta leƙo. Na sha yi mata alama ta matso ya gan ta, sai ta girgiza kai ta ɗora yatsa a baki. A nan take tsayawa tana kallon fuskar ɗanta har mu yi sallama.